Bulo Mai Kwana Biyu

Idan ka bi ta bayan juji, ka wuce rumfar masu walda, za ka ji ƙarar injin niƙanta tun kafin ka hango ta. Mai Roba ake ce mata. Da farko zagi ne sunan, ita kuwa ta ƙi nuna ta ji zafinsa har ya zauna mata daram, yanzu ko 'yarta Auta da shi take kiranta idan gardama ta yi zafi. Gajeruwa ce mai kaurin damtse, tafin hannunta ya yi kanta saboda siminti, ga ƙarancin magana. Mutane na yabonta da haƙuri. Ba su san ta ba ne. Matar nan ba ta da haƙuri ko kaɗan, ajiya ce kawai ta iya. Abin da ta ɓoye shekara tara a ƙasan akwatinta ba zani ba ne, ba sarƙa ba, ɓallin bulo ne da bai fi tafin hannu ba, ƙulle cikin tsumma.

Ba da aikin bulo ta tashi ba, aure ne ya kawo ta cikinsa. Mijinta, Dogo, shi ne ƙarami cikin maza biyu da suka gaji filin buga bulo na ubansu a bakin titi. Wansa, wanda kowa a gidan ke kira Yaya, shi ne mai baki da babbar riga, yana da tifa biyu da ke kwaso yashi daga kogi, kuma shi ke raba gardama tsakanin masu bulo na layin. Dogo shi ne mai hannu. Mutum ne da ba ya iya wuce abu bai tsaya ya juya shi ya ga bayansa ba. Wata damina ruwa ya shigar musu ɗaki har ya jiƙa katifa, saboda robobin lemo sun toshe kwata. Ya kwashe buhu uku ya jingine a tsakar gida, ya zauna yana kallonsu kamar suna bin sa magana. Washegari ya kai su wurin mai niƙa aka farfasa su ƙanana, ya dawo yana cewa zai rage yashi ya zuba su a madadinsa.

Ta yi masa dariya, kuma ta yi gaskiya, don bulon farko ko kaza ba zai tsare ba. Na biyu ma haka. Akwai wani zubi da ya yi mako guda bai kama ba, da yatsa kake gutsure shi. Dogo ya zargi siminti, ya zargi ruwa, ya zargi kansa. Ita ce ta kawo masa abinci ta ga kiyashi sun yi layi suna shiga tarin robar.

"Kai da ka ce bulo kake yi, ashe alawa ce," in ji ta. "Dubi masu saye sun fara zuwa."

Ya durƙusa ya duba. Ragowar lemo ce a jikin robar, da maiƙo, da takardun da ake mannawa. Siminti kuwa ba ya shiri da zaƙi. Tun daga ranar wankin roba ya zama aikinta: duro uku a bayan kicin ɗinta, na farko da sabulu, biyu na ɗauraya, sannan a shanya a kan kwanon rufi har ta bushe ƙarau. Shi kuma ya yi ta rage wannan yana ƙara wancan har ya tsaya a kan awo: kwanon yashi tara, na roba ɗaya. Idan ka wuce haka bulo zai yi kyan fuska, cikinsa kuwa babu komai. Ban ruwa safe da yamma kwana bakwai, sannan a bar shi ya cika mako huɗu kafin a taɓa. Don kada ya rikice, kowane bulo tun yana ɗanye sai ya karce rana da watan da ya buga shi da ƙusa a gefensa.

Labari ya kai kunnen wani injiniya, yaro ne lokacin, sabon shiga aiki, takalminsa ko ƙura bai sani ba. Yana neman bulon katanga mai yawa, ya ce zai zo ya gani. Ranar sha huɗu ga wata ya zo. Magina suka taru, da direbobin tifa, da leburori, har masu walda suka ajiye aiki. Gwajin masu bulo sananne ne: a ɗaga bulo zuwa ƙirji, a sake shi a kan daɓen kankaren da ke tsakiyar fili. Idan ya tsira ya ci, idan ya tarwatse mai shi ya sha kunya.

"Ƙanena ne," in ji Yaya yana naɗe hannun riga. "Bari in gwada da hannuna, kada a ce shi ya zaɓo na kirki."

Dogo har murmushi ya yi, wai wansa ya tsaya masa. Ita tana gefe da kwanon abinci a hannu, ta ga komai. Yaya ya wuce layin baya inda bulon da ya cika mako huɗu yake, fari tas, ya zo layin gaba ya sunkuya ya ɗauko wanda har yanzu duhun danshi bai bar jikinsa ba. Dogo ya buɗe baki. Amma ta ina zai ce wa wansa a gaban jama'a ka yi kuskure? Ya rufe bakin. Bulo ya sauka a kan daɓe ya watse, 'yan gutsattsarin roba kore da shuɗi suka bazu har ƙafar injiniya.

"Bola ai bola ce," in ji Yaya yana karkaɗe hannu, "ko ka shafa mata siminti."

Aka kwashe da dariya. Injiniya ya rufe littafinsa ya shiga mota. Ita ta ajiye kwanon, ta tsuguna kamar mai gyara takalmi, ta ɗauki ɓallin da ke ɗauke da rubutun ƙusa ta soke a zani. Sha biyu ga wata aka rubuta a jiki. Kwanansa biyu a duniya.

A gida Dogo ya ce wataƙila Yaya bai lura ba ne. Ta dube shi har sai da ya kau da kai.

"Mutumin da ya shekara talatin yana buga bulo? Ko a duhu ya taɓa ɗanye ya san ɗanye ne. Yashinsa yake karewa, kuma ba ya son a ce ƙanensa ya fi shi. Ka faɗa ko in faɗa."

"Ba za ki faɗa ba. Wana ne."

Ta yi shiru saboda shi, ba saboda Yaya ba, kuma ba ta taɓa yafe wa kanta shirun nan ba. Ba a yi wata ba Yaya ya tara dangi ya ce ba zai bari a zubar da sunan ubansu da bulon shara ba, ko Dogo ya daina ko ya bar filin. Dogo ya tattara injin niƙan robar da ya saya da ƙarfen buga bulo ya koma wani kango a bayan juji. Duk inda ya bi sai ya ji ana cewa ga Bulon Bola nan. Mutumin da a da magina ke layi a kansa ya koma yi wa mutane kejin kaji. Ya daina juya abubuwa ya ga bayansu, ya daina ba'a, abinci ma sai ta tsaya a kansa. Shekara uku ya yi a haka ya kwanta. Likita ya ce hawan jini ne. Ita ta san sunan ciwon, ta kuma san inda mai shi yake zaune.

Wurin gaisuwa babu wanda ya kai Yaya kuka. Da aka watse ya kira ta gefe, cikin muryar tausayi, ya ce ta sayar da injin nan ga masu gwangwan ta huta, mace da aikin bulo ina aka taɓa gani. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Yaya." Ba a daɗe ba maƙwabta suka ji injin ya tashi.

Ta sha wuya, ba sai an faɗa ba. Shebur ya fasa mata hannu, siminti ya cinye mata farce, bayanta ya koyi ciwon da ba ya tafiya. Ta fara da ƙananan ayyuka: daɓen tsakar gida, katangar banɗaki, zagayen wani lambu. Idan magini ya zo yana son kankaren ginshiƙi ko na rufin bene da roba a ciki, sai ta kore shi. "Ba aikin roba ba ne," take cewa. "Je ka sayi yashinka. Ba zan kashe mutum don a ce na iya ba." Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa, katangunta suna nan tsaye. Magina suka fara raɗa wa juna cewa bulon matar nan bai da nauyin ɗauka, kuma ba ya yaudara. Auta ta gama makaranta ta kama injin, ita ke magana da masu saye tunda uwar ba ta iya daɗin baki ba. Kowane bulo har yau sai an karce masa rana da ƙusa. A ƙofar rumfarta kuma akwai wani tsohon bulo guda da ta mayar kujera, shi kaɗai ya rage daga layin bayan da Yaya ya tsallake.

Sai yashi ya yi tsada. Gaɓar kogi ta zabtare ta tafi da gonaki, hukuma ta hana haƙa a wurin, tifofi suka koma tafiya mai nisa. Ɗaya daga cikin na Yaya ta hau kan duwatsu, tayoyinta a cire. Ana cikin haka aka ji injiniyan nan, wanda yanzu ya zama babba a aikinsa, ya samu aikin zagaye wata makaranta da katanga, kuma bulo mai roba yake so, don ya ga na bayan juji da idonsa. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, za a raba wa duk wanda bulonsa ya ci gwaji.

Shekara shida Yaya bai san hanyar bayan juji ba. Ranar nan sai ga shi da sallama, wai zumunci ya kawo shi.

"Sannu da zuwa, Yaya. Zauna mana."

Ya zauna a kan tsohon bulon ƙofar rumfa, ya gyara riga, ya tambayi lafiyar Auta, idonsa kuwa yana kan hannun uwar. Ta san abin da ya zo ɗauka, ta kuwa auna masa a hankali kamar mai koya wa ɗalibi: yashi tara, roba ɗaya, siminti, ruwa kaɗan. Ta cakuɗa, ta cika ƙarfe, ta daddanna, ta kife.

"Shi ke nan?" in ji shi.

"Abin da idonka ya gani ke nan, Yaya."

Ba ta yi ƙarya ba. Duro ukun suna cikin gida a bayan kicin, inda suke tun zamanin Dogo, kuma babban mutum irin Yaya ba zai leƙa bayan kicin ɗin matar ƙanensa ba. Ya tashi ya karkaɗe riga ya tafi, yana jin ya yi wayo.

Bayan kwana goma ta canza hanyar kasuwa ta bi ta bakin titi. A tsohon filin an jibge niƙaƙƙiyar roba kamar tsauni, yadda aka kwaso ta daga juji haka aka niƙe ta, da takardunta da komai. Ƙudaje na shawagi a kai, kiyashi sun yi hanya baƙa har gindin bulon da aka jera. Ta tsaya ta ƙirga kwanon da lebura ke zubawa: uku ya zuba na roba. Yaya dai Yaya ne, inda aka ce ɗaya ta isa sai ya ga ai uku ta fi rage masa yashi. Ta wuce abinta. Sai da ta shiga gida ta rufe ƙofa sannan dariya ta ƙwace mata, irin wadda Auta ba ta ji ba tun rasuwar ubanta.

Da ta ji dalili, Auta ba ta yi dariya ba. "Mama, Baffa ne fa. Kuma katangar makaranta ce. Yara ne za su riƙa jingina da ita."

"Ko guda ɗaya ba zai hau katangar nan ba, wannan na ɗaukar miki alkawari."

"To ki je ki faɗa masa mana tun yanzu, kafin ya ƙarar da simintinsa."

"In je ɗakinsa in raɗa masa a kunne?" Ta girgiza kai. "A gaban mutane ya fasa na ubanki. A wurin nan, a kan daɓen nan. Ya ci gaba da bugawa, ya cika fili, ya cika bakin titi. Ina son ya yi yawa."

"Mai Roba, ba ki da tausayi."

"Na ba ubanki duk wanda nake da shi, ya tafi da abinsa."

Mako huɗun nan ta ji daɗinsu fiye da yadda ya kamata mai tsoron Allah ta ji. Tana ba nata bulon ruwa tana lissafa na Yaya. Ta san zuwa yanzu ya taɓa ya ji abin bai kama ba. Ta kuma san ba zai zo ya tambaye ta ba, gara ya haɗiyi shebur. Wata dabarar zai nemo, don shi a wurinsa gwaji ba na bulo ba ne, na wanda ya fi iya zaɓa ne.

Ranar gwaji a tsohon filin aka taru, don nan ne mai daɓe. Magina, direbobi, masu walda, da yawa fuskokin da ne, sun dai tsufa. Ta iso tana tura baro, an rufe abin da ke ciki da buhu, Auta na biye da ita. Aka fara da sabon bulonta, injiniya ya zaɓa da kansa, ya faɗi ya tsira, babu wanda ya yi mamaki. Da aka zo kan na Yaya sai ya naɗe hannun riga ya nufi layin gaba.

"Tsaya, Yaya," in ji ta. "Wancan karon kai ka zaɓa wa ƙanenka. Yau bari matarsa ta zaɓa maka, kada a ce ka ɗauko na kirki."

Ta ɗaga ɗaya daga layin gaba, ta auna nauyinsa a hannu, ta miƙa wa injiniya. "Ji nan. Zallar yashi ne, an yayyafa masa roba a fuska don kwalliya. Layin nan na baƙi ne." Ta kutsa can baya inda na farko-farko suke, ta zaro guda. "Wannan shi ya fi kowanne kwana, ya sha ruwansa, ya cika makonsa huɗu. Ni ba zan ɗauko maka ɗanye ba."

Ba ta ma kai shi ƙirji ba. Daga gwiwa ta sake shi. Bai yi ƙara ba, ya dai zube ya zama tari, takardun lemo na leƙowa daga ciki. Wani direba ya ce a sake, aka sake, har sau huɗu, har wani magini ya murje gutsure da yatsa biyu ya ce ko busasshen burodi ya fi wannan taurin kai. Dariyar da aka yi ta san ta, ita ce ta shekara tara da suka wuce, ta dai sauya gida. Yaya ya fara maganar siminti marar kyau, ta bar shi ya gama. Sannan ta kwance tsumman da ke ƙugunta, ta juya wajen injiniya.

"Ranka ya daɗe, ka tuna ranar da ka fara zuwa filin nan? Sha huɗu ga wata ne. Karanta mana abin da ke jikin wannan."

Injiniya ya karɓi ɓallin, ya kai kusa da ido, ya daɗe yana kallo. "Sha biyu," in ji shi a hankali. "Kwana biyu ke nan. Ni kuma ban duba ba."

"Daga layin gaba ya ɗauko, wallahi," in ji wani tsohon lebura. "Duk mun gani."

"Kun gani," in ji ta, "kuka yi dariya."

Ta yaye buhun da ke kan baro. Tsohon bulon ƙofar rumfa ne, gefensa ya yi santsi saboda zama, rubutun ƙusar Dogo na nan a jiki. "Wannan daga layin da ka tsallake ne. A kansa ka zauna ranar da ka zo zumunci. Ɗauka ka gwada, Yaya, da hannunka."

Ba shi da hanyar ƙi. Ya ɗaga zuwa ƙirji, ya saki. Bulo ya daki daɓe ya mirgina ya kwanta lafiya. Ta ce ya ƙara, wannan karon daga saman kai. Ya ɗaga, ya saki. Ɗan kusurwa ne kawai ya ɓalle.

"Bulon wa ke nan?"

Ya yi wata magana ƙasa-ƙasa.

"Ba su ji ba, Yaya. Kai ne mai murya a layin nan. Bulon wa ke nan?"

"Na Dogo ne."

"Wanda ka fasa kuma, ka san ɗanye ne?"

Ya dubi ƙasa, ya dubi tsaunin bulonsa da ya cika fili har bakin titi, babu ko guda da zai shiga gini. "Na sani," in ji shi.

Ta karɓi ɓallin daga hannun injiniya, ta kama hannun Yaya ta buɗe tafin, ta ɗora masa, ta naɗe yatsunsa a kai. "Shekara tara ina ɗauke da shi. Yanzu kai za ka ajiye."

Injiniya ya biyo ta yana maganar yawan bulon da yake so da ranar da za a fara kaiwa, ta nuna masa Auta. Ita ta mayar da tsohon bulon cikin baro ta tura shi gida, ta ajiye shi a inda yake a ƙofar rumfa, ta zauna a kai. Can Auta ta dawo ta same ta a haka, ta tsaya a kanta.

"Kin huce yanzu?"

"A'a," in ji ta. "Da ya ce ya sani, na juya in ga fuskar ubanki." Ta goge ido da bayan hannu, ta miƙe. "Je ki cika duron farko, robar jiya ba ta wanku ba."